Sandar Baba Barnaba

"Baba, ga furar 'yan gayya," na ce. Bai amsa ba.

Yana zaune a kan saiwar tsamiyar bakin gonarsa, ya jingina da bishiyar. Ya kafa sandarsa cikin rairayi, hannu biyu a kanta, haɓarsa a kan hannayen, idonsa na kan masu girbi. Na ga ƙuda yana yawo a gefen idonsa na hagu, bai ko ƙifta ba. Na ce a raina, tsohon nan da riƙo, fushinsa da mijina har ni ya shafa. Na wuce da ƙwaryata.

Baba Barnaba shi kaɗai ne Kirista a ƙauyenmu, nan kusa da Guci. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, matarsa ta rasu, 'ya'yansa na Damagaram. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shekara talatin shi da mijina, Malam Abdulmumini, suna zama a zaurenmu suna gardamar annabawa, wane ne a littafinmu, wane a nasu, wane a na Yahudawa. Ban taɓa jin wani ya kayar da wani ba, goro dai ke shan wahala.

Kwana tara kafin girbin suka ɓata. Malam ya kawo labarin Annabi Sulaimanu, yadda ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta yi masa aiki ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Baba ya ce su a nasu littafin, har da na Yahudawa, rasuwa kawai ya yi aka binne shi. Da nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya yi dariya.

"Haba Malam, a ce mutum ya mutu, jama'a na gabansa, ba wanda ya lura?"

Ina tsakar gida na jiyo muryar mijina. "Allah ya nuna maka, Barnaba."

Tun ranar ba su gaisa ba. Maganar nan kuwa ta tsaya wa Malam a rai, ko tuwo ba ya ci sosai. Ni ma na sa shi a gaba, na ce kai mai gaya wa mutane gaba ba ta wuce kwana uku, ga ka a na tara. Ranar gayyar ya ce zai je ya janye ta.

Da na kai furar cikin gona, Ɗahiru, jagoran gayyar, ya share zufa ya rage murya.

"Inna Hinda, tsohon nan tun hantsi ya kafa mana ido. Ko ruwa muna jin nauyin tsayawa sha."

Dukansu Baba ya koyar a lakwal, sun san bulalarsa. Aikin yini guda sun kusa gama shi kafin azahar. Na waiga. Daga nesa ma kamar ni yake kallo.

Ina tattara ludaya Malam ya iso. Ya zauna kusa da Baba a kan saiwar, ni kuma na matso inda zan ji.

"Barnaba, sannu da aiki." Shiru. "Bakina ne ya yi sauri ran nan. Na janye. Ka yafe mini."

Ba ka jin komai sai ƙarar kara da ake sara.

"To, yi fushinka, amma ka ce ka yafe."

Ya dafa kafaɗarsa. Baba ya sulale gefe a hankali, ya kwanta a cinyar Malam yadda yake, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a haɗe. Sandar ba ta faɗi ba.

'Yan gayya suka saki aiki ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi kuka da farko. Tsoro ne ya fara zuwa mana.

Washegari ɗansa ya zo da fastonsu daga Damagaram, aka binne shi a gefen gonar. Malam ne ya fara kafa magirbi a kabarin. Da muka dawo ya zauna a zauren, gefensa tabarmar Baba.

"Hinda, ke kika riga ni zuwa. Lokacin da na yi maganar, da sauran ransa?"

Na tuna ƙudan nan.

"Ya ji ka," na ce.

Ya daɗe yana kallona, bai sake tambaya ba.

Sandar kuwa har yau ba wanda ya cire ta, masu amalanke ma kewaye ta suke yi. Kullum da hantsi Malam yakan je ya tsaya a gabanta, hannu a baya. Jiya na bi ta wurin zan ɗauko kara. Jar ƙasar gara ta hau ta har rabi, tana nan a tsaye.