Sakatar Ɗakin Harisu

Da aka sallamo Harisu daga asibitin Maraɗi, ba wanda ya yi murna da dukan zuciyarsa, har Rahamatu, yayarsa, wadda ta je da kanta ta ɗauko shi. Tana son ƙanenta, wannan ba a musu. Amma tun daga tasha har motar ta shigo Dakoro tambaya ɗaya ke cin ta, ina za a ajiye shi? Majo, babban mai jinyar da ya ƙulla mata magunguna a leda, ya ce Harisu ya samu sauƙi, sai dai a nema masa makwanci nasa na kansa kusa da dangi, a kula da shan magani, kada kuma ya koma kara. Ta ce to. Faɗin "to" a asibiti ba wuya, sai da ta doshi gida ta ji nauyinta.

A kara, kasuwar dabbobi, Harisu ya girma. Ƙato ne, shi ake kira in sa ya ƙi hawa kamyo, babbar motar kaya. Can abokan aiki suka koya masa shan taramol, wai ƙwayar tana hana gajiya. Ta hana shi gajiya kuwa, ta hana shi barci, daga baya ta tafi da hankalinsa. Ranar da ya farfasa randunan gida yana cewa akwai mutane a ciki, aka ɗauke shi aka kai shi wurin wani malami a ƙauye bayan Kornaka, inda ake tsare irinsu a ɗaki da mari a ƙafa. Ya ci damina ya ci rani a can kafin Rahamatu ta tayar da ƙayar baya aka mayar da shi asibiti. Har yau in ya ɗage wando zai yi alwala ana ganin tabon a idon sawunsa.

Wuraren da ake ajiye mutum irin Harisu a garin ba su da yawa, kuma Rahamatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya har takalminta ya cinye. Masu ɗakunan haya suna jin sunansa sai su ce an riga an kama. Kawunsu na Sabon Maci ya ce a kawo shi ya zauna bukkar gona, amma wa zai tuna masa magani a tsakiyar gero? Malamin Kornaka ya aiko cewa ƙofarsa a buɗe take, ta ce wa ɗan aiken ya gaishe shi. Cikin gida kuwa akwai Hamdiya, matar wansu Nafi'u, wadda ta ga ranar randuna da idonta, da goyo a bayanta. Hamdiya ba muguwa ba ce, tsoro take ji, Rahamatu kuma ba ta ga laifinta ba. Ita kanta Rahamatu tun mutuwar mijinta ɗaki ɗaya gare ta a gidan, ita da kaskon suyar ƙuliƙulinta. Saura titi, shi kam ba ya ƙin kowa.

Alhaji Nafi'u ne ya yanke magana. Ɗan kasuwar hatsi ne, kamar ubansu da kakansu, mutum mai gajeren zance wanda ya fi gane abin da ake aunawa da tiya.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas," ya ce. "Ni gina mashi ɗaki nan jikin katanga. Kowa ya huta."

Ya cika alkawari, bai yi rowa ba. Jikin katangar gidan ta waje akwai mangazunsa biyu, ɗakunan ajiyar gero da wake, sai aka ɗora na uku a jerin. Maginin da ya gina na farko shi ya gina wannan. Abarci maƙeri, wanda ya ƙera ƙofofin mangazun, shi ya ƙera ƙofar, ta ƙarfe mai kauri, aka shafa mata shuɗin fenti irin na 'yan'uwanta. Daɓen siminti, rufin tol, wato kwano, sabo fil, da 'yar taga can sama kusa da rufi, an rufe ta da raga. Maƙwabta suka zo suka sa albarka, suna cewa ɗan'uwa rabin jiki. Rahamatu ta shimfiɗa tabarma da katifa, ta ajiye buta da randa ƙarama. Ranar har ta ji kafaɗunta sun ɗan saki.

Harisu ya zo ya tsaya bakin ƙofar, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce an gode. Sai ya koma gindin itacen bedin da ke tsallaken hanya ya zauna.

Nan ya wuni, nan ya kwana. Washegari ma haka. Rahamatu ta lallashe shi, ta yi faɗa, ta haɗa shi da girman iyayensu da ke ƙasa. Ba ya musu da ita. Yana karɓar magani daga hannunta ya haɗiye, ya ci tuwo, ya ce, "To, Yaya, in an jima." An jimar ba ta zuwa. Nafi'u ya fara cika yana batsewa. Ya ce ya gina wa mutum ɗakin da ko ango zai yi alfahari da shi, ga shi mutanen unguwa na wucewa suna ganin ƙanensa kwance a ƙasa kamar marar kowa.

Abin da ya fi tayar wa Rahamatu hankali ranar kasuwa ce. Tun da hantsi garkuna ke bi ta hanyar, kukan shanu na tasowa daga kara, Harisu kuma sai ya miƙe tsaye yana kallon wajen. Wata ranar kasuwa ta neme shi ta rasa. Ta bar gyaɗa a wuta ta bi sawu, ta same shi zaune a rumfar masu lodi, cikin tsofaffin abokansa, ɗaya har ya sa hannu a aljihu zai ciro ƙwaya. Ta kamo hannunsa ta fito da shi. A hanya ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, a kara dai akwai rumfa, kuma ba ta da ƙofa. Ba ta kula da maganar ba, gyaɗarta da ta ƙone take tunani. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, har ta kama kanta tana tunanin ko malamin Kornaka ya fi su gaskiya. Ta yi istigfari, amma tunanin bai tafi da wuri ba.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, ta shiga ɗakin ta kakkaɓe katifar da ba wanda ya taɓa kwanciya a kanta. Ta tura ƙofar don kada awaki su biyo ta. Tana cikin shara aka kira azahar.

Nafi'u yana da al'ada tun yana saurayi, ko ina za shi sai ya rufe mangaza, ko da fitsari ne. Ya fito yana gyara hula, waya a kunne, yana gardama da wani direba kan buhunan wake. Ya ja sakatar ƙofar farko ya danna kwaɗo. Ya ja ta biyu ya danna kwaɗo. Ya iso ta uku, hannunsa ya ja sakatar shi kaɗai, ya lalubi kwaɗo bai samu ba, ya wuce masallaci yana ci gaba da gardamarsa. Ko waiwaye bai yi ba.

Rahamatu ta ji ƙarar ƙarfen. Ta zo ta tura ƙofa, ƙofa ta ƙi. Ta shafa ta daga sama har ƙasa tana neman abin kamawa, ba mariƙi, ba sakata, ƙarfe ne sumul. Sai a lokacin ta dubi ɗakin da kyau. Tagar ta fi ƙarfin hannunta ko ta yi ɗage, an yi ta ne don iska ta shiga, ɓera da ɓarawo su tsaya waje. Zafin tol na sauka a ƙeyarta. Mangaza ce aka gina, ta uku, kuma duk cikinsu ba wanda ya lura, domin a gidansu tun kaka da kakanni ɗaki mai kyau shi ne wanda ke rufuwa gam daga waje. Buhun gero bai taɓa neman fita ba.

Ta kira Hamdiya, amma Hamdiya na can ƙuryar gida tana daka. Gumi ya jiƙe mata zane. Ta san minti kaɗan ne, ta san wanta zai dawo, duk da haka ta fara dukan ƙofar da tafin hannu biyu.

Sai ta ji murya dab da ƙarfen, a hankali.

"Yaya, bar bugu," in ji Harisu. "In kina bugu, sai su ƙara daɗewa ba su buɗe ba."

Hannunta ya tsaya a sama. Ta ji yana kokawa da sakatar, sannan ƙofar ta buɗe, haske ya shigo. Bai tako ciki ba. Yana tsaye daga gefe, yana riƙe da ƙofar da hannu biyu kamar za ta ƙwace.

"Mi ya sa ba ka hwaɗi ba?" ta ce.

"An kashe kuɗi, Yaya. Kuma in na hwaɗi, cewa za a yi ciwon ne ya tashi."

Ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta ga marin a ƙafarsa. Kunya ce ta fi yawa a cikinsa. Ita da ta shimfiɗa katifa, ita da ta haɗa shi da girman iyaye.

Da Nafi'u ya dawo ta tare shi a zaure ta faɗa masa. Ya yi salati, ya dubi hannunsa na dama kamar na wani ne. Ya rantse bai san ya ja ba, ta ce ta sani, abin da ya sa ta zo ke nan. Ta ce a kira Abarci ya cire sakatar ya mayar da ita ciki.

"Ciki?" Nafi'u ya girgiza kai. "Rahamatu, ki yi hankali. In ya kulle kainai ya yi ma kainai illa hwa? In ya shigo da ƙwaya? Wa za shi buɗe?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To a cire ta gaba ɗaya, a bar ƙohwa hakanan."

"Ɗakin da kowa ka iya turowa ba nashi ba ne. Ka taɓa kwana ɗakin da ba ka iya kullewa?"

Tsoronsa gaskiya ne, ita ma shi ne a cikinta, ba ta kuma da wata hujja da za ta kashe shi. Hamdiya, wadda ke tsaye bakin zaure da taɓarya, ita ce ta yi maganar da ba a zata ba. Ta ce ita dai ta fi samun natsuwa da mutumin da ya shiga ɗaki da ƙafarsa a kan wanda aka tura. Nafi'u ya ce in wani abu ya faru, Rahamatu ta sani a wuyanta yake. Ta ce wuyan ya saba.

Abarci ya zo da safe da kayan aikinsa. Ya ce shi an ce ya yi ƙofa irin waɗancan, ya yi, ba wanda ya ce masa mutum za a sa. Ya yanke sakatar, ya liƙa ta ta ciki, ya ƙara mariƙi, ya goge wurin da ta bari. Maginin ya fasa bango ya sauko da taga daidai ƙirjin mutum. Harisu na gindin bedi yana kallon aikin tun daga farko har ƙarshe.

Bayan la'asar ya taso. Ya shafa gurbin tsohuwar sakatar da yatsa, ya leƙa, ya cire takalmi ya shiga. Rahamatu na tsaye da kwanon fura da ƙwayar maganin yamma a ƙulle a bakin zane, ta ji ƙarfen ya shige gurbinsa daga ciki. Ta san gobe ranar kasuwa ce, ta san sakata ba ta warkar da kowa, ta kuma san daga yau akwai ƙofar da ba za ta iya buɗewa ba ko me ke faruwa a bayanta. Ta ba shi lokaci, ta zaga ta dawo, furar ta fara tsinkewa. Ta ɗaga hannu za ta tura kamar yadda ta saba, sai ta tuna, ta sauke shi.

"Salamu alaikum," ta ce.

Shiru. Nafi'u ya leƙo daga bakin mangaza, suka haɗa ido, ya kau da kai. Ta sake yin sallama.

Daga ciki Harisu ya yi gyaran murya. Shekaru ke nan ana shigo masa ba a tambaya, maganar ma sai da ya lalubo ta.

"Wa alaikumus salam. Wa ke nan?"

"Ni ce, Rahamatu. In shigo?"

"Dakata kaɗan, Yaya," ya ce. "Ina zuwa."

Ta gyara riƙon kwanon, ta jingina da bango, ta jira.