Kwamfutar da Ba Ta San Ɗan Fari Ba

Shekara talatin da uku ke nan da Malama Zuliha ta Gwaram ta haifi ɗanta na fari, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Haka ta taso ta ga iyayenta mata suna yi, haka ita ma ta riƙe. Yana ƙarami "yaron nan" ne, da ya sami aiki ya tashi sai ya koma "mutumin Birnin Kudu". Ko magana za ta yi masa, gefe take kallo ta ce a ɗauko kaza, a kai kaza. Sunansa kuwa Abdulnasir.

To ranar wata Alhamis sai ga shi ya zo gida da fara'arsa, ko ruwa bai gama sha ba ya zauna gaban kwamfutar tebur da ke falo. Da ita Malama take shirya darussan ajin yaƙi da jahilci da take koyarwa a Farin Dutse. Ya ce an yi wani sabon tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba a ma sake shi kasuwa ba, masu yin sa sun ba wasu mutane su gwada su faɗi inda ya gaza, shi ma ya ba da sunansa an ba shi. Ta ofis ba a yarda ya taɓa ba, shi ne ya tuno da ta gida.

Da ya gama ɗorawa, abin dai ba laifi a ido. Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi mai sheƙi, komai na buɗewa sumul ba ƙara. Amma Malama tun a nan ta ɓata rai, don an kwashe mata komai daga inda ta saba ajiyewa, kamar a shiga ɗakin mace a sauya wa tukwanenta wuri. Ya lallaɓa ta ta karanta wasu jimloli a gaban na'urar don ta san muryarta, ya ce daga yau ko yatsa ba sai ta ɗaga ba, magana kawai. Ya ci tuwo, ya hau mota ya koma.

Asabar da hantsi ta kunna don ta buga takardun jarrabawa. Mata ashirin da bakwai ne za su zauna bayan azahar, a gaban jami'in da zai sa hannu a takardun shaidarsu, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. A cikinsu har da tsohuwa Hadijatu, wadda sau biyu tana faɗuwa, bana ta rantse sai ta karanta wa kanta takardar asibiti.

Kwamfuta ta kawo haske, ta yi sallamarta da Turanci, ta ce a faɗi sunan mai ita kafin ta buɗe. Ga sunan ɗan nata nan ta rubuto ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo.

Malama ta janyo madannai ta danna, ko gezau. Ta zare wayar madannan ta mayar, ta hure ƙura, ta kashe ta sake kunnawa. Nan dai aka dawo. Ta kira maigidanta Malam Ishiyaku daga zaure, ya zo ya gyara murya ya faɗi sunan tiryan-tiryan, kwamfuta ta ce ba wannan muryar ta sani ba. Ya ƙanƙance murya irin ta mata ya sake, ta ce a'a. Sai dariya ta ƙwace masa.

"Malam, abin dariya ka gani?"

"Ni? Tari ne."

Ta matso ta ce mutumin Birnin Kudu. Na'urar ta rubuto wani shirme da ba Hausa ba ba Turanci ba, ta ce a sake gwadawa. Ta ce yaron nan. Ta ce wane. Duk ba ta karɓa ba.

Malam ya buga wa ɗan nasu waya, ya buɗe sifika ya ajiye kan tebur. Malama ta kalli bango ta tambaya me aka yi wa kwamfutar mutane. Abdulnasir ya shiga kame-kame. Wai tsarin gwaji ne, an san yana ƙin tsofaffin madannai a wurin buɗewa, zai rubuta wa masu shi ƙorafi yau ɗin nan. Wai sunansa ya shiga ne don da shi ya yi rajista, wallahi bai kawo komai a ransa ba. Ko ya taho yanzu, sai dai ya goge komai ya sake ɗorawa, kuma bai da tabbas takardun za su tsira.

Nan fa Malama ta buɗe wuta. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin mai ƙosai ta miƙa wa mutane ɗanye ta ce su ci su faɗa mata inda bai soyu ba. Abin da bai nuna ba, a rasa inda za a juye shi sai kan kayan aikinta? Ta ofis ana tsoron oga, ta gida kuwa ba ta da mai ita ko? Su kuma masu yin abin, duk iliminsu da ake faɗa, ba wanda ya gaya musu akwai ƙasar da uwa ba ta kama sunan ɗan fari? Ƙarfe da roba za su zo har falonta su sa ta abin da surukarta ma ba ta taɓa sa ta ba!

Malam ya ce ko ta rubuta da hannu. Ta dube shi. Shafi huɗu-huɗu sau ashirin da bakwai, har da hoton agogo da na kwalbar magani, ga sha biyu ta gota, ga mai babur ɗin da zai kai ta ya iso yana ƙofar gida. Ya ce ko a ɗaga jarrabawar. Ta ce ina! Ita ta san matan da suka bar gona da surfe wata tara suna zuwa mata da fensir a ƙulle a bakin zane.

Can sai ta ce Malam ya ba ta wuri. Ya fita sumsum, ya ja labule, ta bi ta tura ƙofa ta rufe taga.

Ta sunkuya dab da na'urar ta faɗa can ƙasan maƙoshi, ita kanta da ƙyar ta ji. Kwamfuta ta ce a ɗaga murya. Ta ƙara kaɗan, harshenta na sarƙewa, don bai taɓa bin hanyar ba. Ta ce ba ta ji sosai ba. Sai zuciya ta ɗebe ta, ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu, ta ƙwala shi yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida.

"Abdulnasir!"

Allo ya washe, ga takardunta nan reras. Sai kuma daga kan tebur, cikin wayar da Malam ya bari ba a kashe ba, wata murya ta amsa a hankali.

"Na'am, Inna."

Malama ta tsaya cak. Ta kalli wayar, ta kalli ƙofa. Ta yi maza ta danna a buga, firinta ta fara tari tana fito da shafin farko.

"Ba da kai nake ba," ta ce. "Kuma gobe a zo a kwashe wannan abin daga cikin kwamfutata."

Ta kife wayar, ta shiga jera takardu huɗu-huɗu tana ƙirgawa da ƙarfi.