Motar da Salih Ya Kushe

"Sake taka ta," in ji Alhaji Gwadabe.

Mai motar ya taka totur. Salih ya sunkuya kan injin ya kasa kunne, sai gabansa ya faɗi. Shekara ashirin da biyu yana gyaran mota a Umdurman, bai taɓa jin tsohuwar Fijo 504 mai lafiyar wannan ba. Doguwa ce, fara, mai kujeru layi uku. Mai ita, Ustaz Abdulmun'im, tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekara huɗu yana tattaro mata kayan gyara ɗaya bayan ɗaya.

Wata uku ke nan Salih yana raka maƙwabcinsa neman irinta. Sun zaga dillalan Khartum, sun je har Jabal Awliya, inda suka tarar da wata kaza na kwanci a kujerar baya. Masu kyau sun fi ƙarfin aljihun Alhaji, masu araha kuwa tsatsa ta cinye su an rufe da fenti. Alhaji ya yi shekara talatin yana jan irin wannan mota tsakanin Umdurman da Madani, ya sayar da tasa lokacin jinyar matarsa. Yanzu da ya sayar da ɗan filin da ya gada, ba abin da yake so sai ya sake riƙe sitiyari.

Wannan kuwa kuɗinta ya zo daidai, don Ustaz zai koma wurin ɗansa a Masar, yana neman wanda ya san darajarta.

Sai dai da safe, kafin su fito, Asma'u 'yar Alhaji ta tare Salih a bakin ƙofa. Ammi take kiransa, wato baffa.

"Ammi Salih, likita ya ce ƙodar Baba ta gaza, sai wanki sau biyu a mako. Kuɗin filin nan su kaɗai gare mu. Ni ba ya jin maganata, taka yake ji. Don Allah ka hana shi."

Salih ya miƙe daga kan injin, ya goge hannu da tsumma, bai dubi kowa ba.

"Alhaji, akwai ƙara a ƙasa. Injin nan ba zai kai wata biyu ba zai buga."

"Ya Usta, ka ji tsoron Allah!" in ji Ustaz, yana kiran Salih da laƙabin da ake yi wa babban bakanike. "Wace ƙara? Ina take?"

Alhaji ya matso kusa da motar. Ya shafa ƙofar da tafin hannu, sannan ya ce, "Ustaz, ka ba ni in zaga da ita sau ɗaya."

Da ƙyar ya shiga, don ƙafafunsa sun kumbura. Amma yana zama sai ya koma wani mutum. Ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya sa giya da yatsu biyu, motar ta sulale ta ratsa tsakanin rakshoshi, kekunan haya masu ƙafa uku, kamar ta san hanya. Salih na zaune a gefensa. Da suka kai bakin kogin Nilu, Alhaji ya tsaya kusa da wata mai shayi, ya bar injin yana aiki.

"Salih, ƙodata ce ta mutu, ba kunnena ba."

Salih ya sunkuyar da kai.

"Asma'u ce?"

"Ita ce."

Alhaji ya daɗe yana kallon ruwa. "Tana da gaskiya. Na san abin da likita ya faɗa, a gabana ya faɗa, sun ɗauka barci nake. Na fasa. Amma motar nan ba ta yi maka laifi ba. Mutumin nan shekara huɗu ya yi a kanta. In mun koma, ka janye maganarka."

Haka aka yi. Salih ya tsaya gaban Ustaz ya ce ƙarya ya yi, ya faɗi dalili, ya nemi gafara. Ustaz ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Mako bakwai Salih yana rufe garejinsa ran Litinin da Alhamis, ya kai Alhaji asibiti a raksha. Kowane rami suka faɗa sai tsohon ya runtse ido, wani lokacin ya yi wa direba faɗa a kan yadda yake sakin kulochi. A mako na bakwai ya daina faɗan. Ran wata Asabar bayan la'asar, yana kwance a gadon igiya a tsakar gida, ya nemi ruwa. Kafin Asma'u ta dawo da kofi, rai ya yi halinsa.

An kafa rumfar makoki a ƙofar gida. Rana ta biyu, Asma'u ta miƙo wa Salih tiren shayi ta bayan ƙyaure, ta riƙe bai karɓa ba tukuna.

"Ammi, da mun bar shi ya saya? Da mako bakwai ɗin nan a kan hanya ya yi su, ba a kujerar asibiti ba."

"Wallahi ban sani ba, Asma'u," in ji shi. Shi ma tambayar da ta hana shi sukuni ke nan.

Rana ta uku da hantsi, Salih ya ji inji daga bakin layi, ya gane shi tun bai ga motar ba. Ustaz Abdulmun'im ne ya zo ta'aziyya, ashe bai riga ya sayar da ita ba. Ya ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya, ya ɗaga hannu aka yi fatiha, ya zauna cikin dattawa.

Salih ya zame daga rumfar ya je ya tsaya kusa da ita. Ƙurar layinsu ta riga ta hau gilashin. Ya ɗora hannu a kan bonet, da sauran ɗumi, ƙarfen yana 'yar ƙara a hankali yana hucewa.