Ta Bayan Tungar Sadi

Sun wuce allon kilomita goma sha ɗaya ke nan Magaji ya hango farar riga a gindin tsamiyar da ke bakin Tungar Sadi. Ko daga nesa ya san wannan zama. Malam Jatau ne, surukinsa, mahaifin matarsa Hadizatu, ya harɗe a kan tabarma daf da kwalta, ga dattawa uku a gefensa.

Magaji ya dubi jikinsa. Mutum ɗan shekara arba'in da shida, mahauci ɗan mahauci, wanda in ya yi magana a layin 'yan nama na kasuwar Talata Mafara ake saurara masa, yau ga shi da wando iya gwiwa da riga mara hannu, gumi ya manne masa ita a tumbi. An kuma liƙa masa lamba 214 a ƙirji kamar bijimin da aka shafa wa fenti a kasuwar shanu.

"Lahiya? Na ga ka rage gudu," in ji abokinsa Sufyanu, yana haki a gefensa.

Sufyanu malamin sakandare ne a wajen Maradun, kuma shi ya jefa Magaji cikin wannan harka. Bara likita ya auna su rana ɗaya, ya ce wa Sufyanu hawan jini, ya ce wa Magaji ciwon suga na ƙofar gida. Tun daga nan suke fita gudu bayan sallar asuba, mutane na tambayarsu wa ya biyo su. Da wata ƙungiyar matasa ta shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya daga Bakura zuwa Mafara, Sufyanu ya rubuta sunayensu bai ko yi shawara ba. Duk wanda ya iso cikin awa uku za a rataya masa lambar yabo. Sufyanu ya riga ya cika wa ɗalibansa baki zai kai musu tasa su gani, kuma su biyun sun yi alkawari ba mai barin wani, tare za su shiga fili.

Abin da Magaji bai faɗa masa ba shi ne, sati guda ke nan tsamiyar nan na hana shi sakewa. Shekara goma sha bakwai da aurensa, bai taɓa ambatar sunan Malam Jatau ba, Baba yake cewa. Bai taɓa zuwa gabansa ba hula ba, bai taɓa kurɓar ko ruwa a kan idonsa ba, takalmi kuwa tun daga nesa yake cire shi ya durƙusa. To yau fa? Ya wuce shi a guje kamar ɓarawon akuya, ko ya tsuguna masa da ƙwauri a waje? Tuni ya ja wa Hadizatu kunne kada kowa ya ji, ya kuma sa rai tsohon yana fadama wajen shinkafarsa.

"Ci gaba, bari in kama ruwa. Yanzu ina cim maka," in ji shi.

"In jira ka?"

"A'a, tahi dai a hankali."

Bai bari Sufyanu ya ƙara magana ba ya gangara gefen titi, ya shige bayan wata gonar rake. Can baya akwai babbar hanyar ruwa ta noman rani, gefenta a daddaɓe, ana bi da babur. Dabararsa ya bi ta nan ya zaga ƙauyen, ya ɓullo gaba kaɗan ya tari abokinsa. Sai dai ya manta da abu ɗaya: daga Tungar Sadi titi lanƙwasa yake yi mai nisa, hanyar ruwa kuwa miƙe take sak. Ya yi ta gudu tsakanin gonakin shinkafa yana neman inda zai fita, ruwa dama, taɓo hagu. Da ya samu ya hau kwalta, allon da ya fara gani kilomita goma sha shida ne.

Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya san lissafi, awo ne sana'arsa: ya ci kilomita kusan uku da bai taka ba, Sufyanu kuma yana can baya nesa. Abin da ya kamata ya zauna nan ya jira. Amma a daidai wurin akwai teburin masu raba ruwan leda, cikinsu har da wani mai sayen tsire a wajensa.

"Kai! Magaji na Layin Nama! Kai ne nan tun yanzu? Wallahi ka ba yara kunya!"

Aka ɗau tafi, aka cusa masa ruwa a hannu, wani ya ɗaga waya yana ɗaukarsa. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga bayanin ya fi gudun wuya. Ya ce wa ransa bari ya ƙara gaba kaɗan ya tsaya inda ba mutane. Amma daga nan har gari babu inda ba mutane.

Haka ya shiga filin da aka tanada a Mafara, awa biyu da minti goma sha takwas. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar mai suna Ramla ta duba lambarsa ta rubuta, aka rataya masa ƙarfen lambar yabo a wuya, mai lasifika ya shelanta cewa shi ne na uku a cikin waɗanda suka haura arba'in. Mahauta 'yan uwansa suka yi caa a kansa. Yana ta amsa barka da murmushin da bai kai ciki ba, kunya na cin sa kamar ya nutse.

Ya koma bakin igiya ya tsaya yana kallon hanya. Awa uku ta cika, aka busa usur, babu Sufyanu. Jama'a suka fara watsewa, aka soma kwance rumfa. Magaji ya tura ƙarfen cikin rigarsa, sanyinsa na taɓa masa ƙirji.

Sai da aka ƙara kusan minti arba'in sannan ya hango shi. Ba gudu ba ne, ba kuma tafiya ba, yana jan ƙafar hagu, taɓo ya bushe masa har ƙwauri, ga wata 'yar gorar roba a hannunsa. Bai tsaya ba sai da ya taka farin layin da aka zana a ƙasa, ko da yake ba mai rubuta komai yanzu. Sannan ya zube a inuwar wata mota.

Magaji ya tsuguna a gabansa. "Sannu, Malam. Sannu da ƙoƙari."

"Yawwa. Ka iso lahiya?"

"Lahiya lau."

Sufyanu ya dubi zaren da ya leƙo daga wuyan rigar Magaji, ya kawar da kai. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

"Na tsaya wurin Baba mun gaisa," in ji shi, bayan numfashinsa ya dawo. "Ya tambayi gida, ya tambayi makaranta, ya tambayi mutanen garinmu Kaya ɗaya bayan ɗaya. Nic ce mai kana baya, yanzu kana tahe. Munka yi jira, shiru. Ka san halin da ake ciki, Magaji. Mutum shi shiga daji shi kaɗai a wanga zamani, a ji shiru, mi kake so zuciyata ta ce min? Sai nik koma. Na shiga raken nan ina kiran sunanka kamar mahaukaci, na faɗa taɓo sau biyu. Can bakin ruwa nig ga sawun takalminka ya miƙe ya nuho Mafara."

Magaji ya sunkuyar da kai. "Wallahi ba tseren nika son ci ba. Wandon ga ne. Ban iya..."

"Na sani. Ai da nig ga sawun na gane."

Magaji ya ciro ƙarfen daga wuyansa ya miƙa. "Karɓi. Kai ka taka ta duka."

"Mi zan ce ma yaran? Ni ban cika lokaci ba, kai ba ka cika hanya ba. Mai da musu abinsu." Sufyanu ya juya gorar da ke hannunsa, saura 'yar fura kaɗan a gindinta. "Wagga Baba ya ba ni. Biyu ya sa anka dama. Ashe Hadizatu ta faɗa ma innarta, tun da anka sallame asuba yake wurin. Ya ce ya san ba ka sha gabanshi, shi ya sa ya ce a zuba a gora, ka karɓa ka wuce, in ka yi nisa ka sha. Idonshi bai gani da nisa yanzu, Malam Sadi da ke zaune gefenshi ka karanta mishi lambar duk wanda ya wuce. Ya ma hardace taka."

Magaji ya dubi gorar. "Da ka sake biyowa ta gabanshi fa?"

"Ya tambaya. Nic ce kana nan tahe, ƙafa ce ta ɗan riƙe ka." Sufyanu ya dube shi ido cikin ido a karon farko. "Na yi ma dattijo ƙarya saboda kai. Ya ce to, shi ba ya tashi sai ka wuce. Taka gorar tana hannunshi."

Rana ta riga ta take, an kusa kiran azahar. Magaji ya miƙe ya nufi teburin da Ramla ke tattara takardu, ya ajiye ƙarfen a gabanta.

"Ki soke ɗari biyu da sha huɗu. Na yanke hanya. Ku nemi na huɗu ku ba shi."

Ta ɗaga kai tana kallonsa, bai jira ta tambaya ba. Ya fita bakin titi ya tsayar da ɗan kabu-kabu. Sufyanu ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Jakarka na cikin motar ƙungiya! Ga dogon wandonka nan da hula!"

Magaji ya tsaya jim, ƙafa ɗaya a kan babur. Ya shafa takardar lambar da ke ƙirjinsa, gefe ɗaya ya ɓalle, ya mai da allurar ya soke.

"Bar su nan. Lamba yake jira a karanta mishi."

Ya sa mai babur ya bi da shi ta gefen hanyar ruwa, ta bayan ƙauyen, ya sauke shi a gindin allon kilomita goma sha ɗaya. Titin ba kowa, sai ledojin ruwa da aka zubar. Can gaba farar rigar na nan a gindin tsamiya, dattawan sun ragu saura ɗaya. Magaji ya ja wandon ƙasa iya inda zai kai, bai rufe komai ba, ya fara gudu.