Litattafai Tara na Falmata

Falmata Kyari tana tankaɗen garin dawa aka yi sallama a zaure. Ta gane muryar. Nazeer ne, mai kula da shafin intanet na wata ƙungiyar dukawa a Kasuwar Kurmi. Wata bakwai rabonta da shi.

Sai da ta gama tankaɗen, ta wanke hannu, ta sa hijabi, sannan ta fito.

"Malama, ina kwana? An samu matsala."

A tsaye ya yi bayani, kwamfuta a hammata. Jiya ya je goge Larabcin gwaji da aka fara sa wa shafin aka bari, sai ya danna layin da ke samansa. Hausa ta tafi gaba ɗaya: shafi ɗari uku da goma sha biyu, bayanin kowace gafaka, kowace zabira, kowane kube. Babu kwafi, domin shi da kansa ya kashe ajiyar. Ranar Asabar kuma za a ƙaddamar da shafin a gaban dukawa, waɗanda Hausar kaɗai za su duba.

Falmata ce ta yi wannan fassarar. Wata biyar tana bin rumfuna, tana tambayar tsofaffi sunan kowane ɗinki. Da aka gama, Nazeer ya cire sunanta daga ƙasan shafin, ya gaya wa shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulƙadir, cewa aikinsa ne, ita bugawa kawai ta taya shi. Aka sallame ta da godiya.

"Na tuna kina rubutawa a littafi kafin ki buga," in ji shi. "Ko suna nan?"

"Waɗanda ka ce aikin tsangaya ne?"

"Haba Malama, ai wasa ne."

Ta shiga ciki, ta fito da litattafai tara ɗaure da igiyar fata, ta miƙa masa. Ya kwance da sauri, ya buɗe na sama, ya tsaya. Ajami ne, mai kauri, hannun Barno da mahaifinta ya koya mata tun tana shekara shida.

"Ta dama ake buɗewa," ta ce.

Ya rufe littafin. "To ki karanto mini in buga. Nan zauren ma ya isa. Ba sai Alhaji ya ji ba."

"Zauren Baba ba ofis ba ne."

Ta ciro wayarta, ta kira lambar da ba ta taɓa gogewa ba. "Alhaji, barka da hantsi. Falmata ce, 'yar Malam Kyari. Nazeer ya zo neman fassararsa. Ga ta a hannunsa, amma ta ƙi karantuwa."

Bayan La'asar suka haɗu a rumfar Alhaji. Labari ya riga su isa. Dukawa bakwai sun ajiye basilla sun zo kallo. Alhaji ya karɓi littafi ɗaya, ya sa tabarau, ya karanta a fili ba tare da gargada ba. Bayanin jar fatar akuya ne, kalma da kalma kamar yadda shi ya faɗa mata bara.

"Malam Nazeer, kai ka rubuta wannan?"

Nazeer ya dubi kwamfutarsa.

"Ikon Allah," in ji wani dattijo daga baya. "Mai rubutu ya kasa karanta hannunsa."

Aka yi dariya. Falmata ba ta yi ba. Ta zauna a kan benci, ta jera litattafan a cinyarta.

"Daga ina za mu fara?" Nazeer ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Daga ƙasan shafi. Layin da ka fara gogewa, wanda ba kuskure ba ne."

Ya buga sunanta. Ta jira ya juya kwamfutar, Alhaji ya duƙa ya duba. Sannan ta buɗe littafi na ɗaya, ta fara karantawa a hankali.