Alkyabbar Sarkin Rum

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka turo Malam Sahabi daga Jega zuwa makarantar wani ƙauye kusa da Aliero. Ba shi da kowa a can, don haka dagaci, Alhaji Barau, ya ba shi aron ɗaki a bayan rumbunan albasarsa. Nan matar Malam, Naja'atu, ta haifi Fadila.

Ranar hutu aka yi taron iyaye, ɗaliban Malam za su yi wasa a kan wani sarkin Rum da Farisawa suka kama, ya mutu a hannunsu. Shi Malam, a ganinsa sarki sai da rawani da alkyabba, sai ya aika gidan dagaci neman aro. Maigidan yana kasuwa, wani bara ya buɗe adaka ya ɗauko wadda ya tarar.

Naja'atu tana cikin mata, Fadila a baya, sarkin Rum ya fito yana taƙama. Tsohuwar da ke gefenta, Goggo Luba, ta damƙi hannunta.

"Ɗiyata, wa ya ba mijinki rigar nan?"

"Aro ce, Goggo."

"Ta uban Barau ce. An tuɓe shi daga sarauta, aka tafi da shi wani gari can gabas aka tsare. Bai dawo ba, rigar kaɗai aka maido. Tun ran nan ba wanda ya sa ta."

Naja'atu ta sake duban rigar. Ta san wasan, don a tsakar gidanta aka yi ta gwaji. Nan gaba kaɗan sarkin zai durƙusa, sarkin Farisa ya taka gadon bayansa ya hau jaki. Ta dubi sahun gaba. Alhaji Barau ya daina jan carbi, idonsa kyam a kan rigar. In ƙafa ta hau alkyabbar nan a gaban jama'a, ba za su ƙara kwana a ɗakin ba, ga jaririya, ga damina ta matso.

Aka ja labule don shirya fagen yaƙi. Ta miƙe ta ratsa ta gefen maza, kanta a ƙasa, ana bin ta da kallo. Bayan labule ta tarar da mijinta yana gyara wa ɗalibin rawani.

"Malam, a cire rigar nan."

"Ke, mi ya kawo ki nan? Yanzu za su fita."

"Ta mahaifin dagaci ce, wanda ya mutu a tsare."

Malam ya sandare. Ganin ba zai motsa ba, ta sauke Fadila ta ɗora masa, ta zare alkyabbar daga kafaɗar ɗalibin, ta warware rawanin. Ta yafa masa jan zanen goyonta.

"Inna, warin fitsari yake."

"Kai da aka kama, turare kake nema? Fita."

Aka buɗe labule. Sarkin Rum ya durƙusa cikin zanen goyo, aka taka shi, yara suka fashe da dariya. Manya ba su yi ba. Da aka zo wurin mutuwarsa, kwance a ƙasa ba kowa nasa, sai filin ya yi tsit.

Ana watsewa Naja'atu ta je ta durƙusa gaban dagaci, alkyabbar a ninke bisa hannuwanta biyu.

"Baba, a yi mana gafara. Rashin sani ne."

Ya karɓa, ya buɗe bayan rigar, ya daɗe yana dubawa. Ya shafa ta da tafin hannu.

"Shi sarkin nan, an kai gawarsa gida?"

"Malam ya ce ba a kai ba."

"Uhm." Ya ninke ta ya sa a hammata. Sai da ya dogara sanda ya miƙe sannan ya waiwayo. "An ce rufin ɗakinku na zuba. Gaya wa Malam shi fid da kaya waje ranar Asabar, Isiyaku magini zai zo."