Idon Baba Philip

"Matso da shi kaɗan. A'a, ka wuce. Shekara talatin har yau ba ka koyi riƙon kwali ba, Shu'aibu?"

Na haɗiye abin da ya zo mani baki, don mai maganar kwance yake, ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu. Enoch ke nan, maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Yelwa, can gangaren kwata inda jirage ke tsayawa. Wata uku bai taka ƙofar gida ba. Da hantsin nan ya aiko ɗiyarsa Grace ta kira ni, wai yana son ganin gulbi.

Na iske ta toshe tagar ɗakin da buhu da tsohuwar tabarma, ta huda rami a tsakiya. A cikin ramin aka cusa abin da na fi ƙin gani a hannunsa duk duniya: idon Baba Philip.

Ido muke ce wa gilashin gaban kyamara. Baba Philip shi ne maigidanmu, ni da Enoch, shi ya koya mana ɗaukar hoto da kyamarar akwati, wadda ake lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Idon nan nasa mai bakin tagulla ne, faɗinsa kamar gindin kofi. Da zai koma garinsu, ni na ɗauko masa jaka har tasha. Da na dawo sai na tarar ya bar wa Enoch idon. Ni ko zaren rataya bai bar mani ba. Ban taɓa tambayar dalili ba, amma babu ranar da ban tambayi kaina ba.

Na ja farin kwalin baya kamar kamu ɗaya daga tagar. Hazo-hazon da ke kansa ya tattaru, sai ga gulbi ya zauna ras. Ruwa a sama, sararin sama a ƙasa. Wani jirgin katako cike da buhunan albasa yana tafiya kife, mutanen ciki na reto da kawunansu kamar jemagu.

Grace ta ce, "Baba Shu'aibu, mi ya sa komai ke juye?"

Na buɗe baki, uban ya riga ni. Haka yake tun muna samari.

"Gilashin na da ciki, tsakiya ta fi baki kauri," in ji shi, yana numfashi da ƙyar. "Haske in ya shiga sai ya lanƙwashe, ya taru wuri guda. Wanda ya fito daga sama ya gangara ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Inda suka taru, nan hoto yake. Ka matsa gaba ko baya, ka ɓata shi."

Kalmomin Baba Philip ne, ko wasali bai canza ba. Har maganar tsohon ma shi ya gada. Ni kuwa ga ni riƙe da kwali kamar allon makaranta.

Kada ku ce sharri nake wa mara lafiya. Mun yi zaman lafiya da Enoch. Da Sallah tuwona na shiga gidansa, da Kirsimeti shinkafarsa na shigo nawa. Ranar da jirgi ya kife da ƙanena wajen Warra, shi ya kwana biyu a bakin ruwa tare da ni. Amma kishi ba ya jin wannan. Shagonsa na kallon nawa a kasuwa, ya rataye idon nan a bakin ƙofa ko bayan an daina aiki da akwati. Amare su wuce ni su shiga wurinsa, wai wurin magajin Philip. Ni kuwa na san hotona ya fi nasa. Wallahi ya fi. Da waya ta zo ta kashe mana sana'a gaba ɗaya, na koma hoton fasfo, shi ya koma gyaran tocila, har wani sanyi na ji, don dai mun yi daidai. Shekara talatin ina sa wa idon nan ido.

"Grace, je ki dubo kunun nan," in ji shi.

Da ta fita ya ce in kawo kwalin kusa da fuskarsa. Na ce in na matsar hoton zai watse. Sai ya jawo kansa da kansa zuwa bakin gado, har hancinsa ya kusa taɓa kwalin. Ya daɗe yana kallo.

"Ka san ban taɓa ganin wancan ƙetaren ba sai a haka?"

"Kamar yaya?"

"Idona ba ya kai nesa. Tun ina yaro. Abin da ya wuce tsawon hannu, hayaƙi ne. In ka tsaya ƙofar shagonka, da tafiyarka nake gane ka, ba da fuska ba."

Sai ga abubuwa suna dawo mani: yadda yake manna fuska ga hoto in yana dubawa, yadda ake gaishe shi daga nesa ya ƙi amsawa, mu ce girman kai ne.

"Tabarau fa?"

"Mai hoto da tabarau mai kauri, a Yelwa ta wancan lokaci? Wa zai zauna gabana? Daga baya kuma kunya ta hana." Ya yi tari. "Baba ya sani. Ranar da zai tafi, kana waje kana ɗaure jaka, ya ba ni wanga. Ya ce, 'Riƙe, kai ke bukata. Shu'aibu da nashi aka haife shi. Ka faɗa mashi haka in na wuce, ni in na faɗa kansa zai kumbura.'"

Kwalin ya karkace a hannuna, gulbin ya narke.

"Ya ce ka faɗa mani."

"Ya ce."

"Shekara talatin, Enoch."

"Da ɗaya." Ya rufe ido. "Kullum in na ga hotonka a bangon mutane sai in ji kamar in yage shi. Kai kana da abin, ni ina da gilashi. Na ce ko maganar in riƙe. Ka yafe mani, maƙwabci."

Ina so in ce muku na rungume shi. Ban yi ba. Abin da na ji shi ne, ga shi ya sake riga ni: ya sauke kayansa zai tafi sakayau, ya bar ni da shekarun da na ɓata ina zaton ni ne ba a zaɓa ba. Har wannan sauƙin na yi masa kishi.

Na jingine kwalin a bango na ce, "Rana ta ɗaga, hoton ya ɓaci. Gobe da hantsi na dawo."

"To, gobe," in ji shi.

Ina shago bayan azahar, ina yanka hoton fasfo na wata malamar makaranta, sai ga Grace a ƙofa ba ɗankwali. Ina ganinta na san Enoch ya rasu. Almakashin dai na ajiye.

Ƙauyensu aka kai shi, bayan Shanga. Na bi motar, na tsaya daga gefe da hulata a hannu suna waƙoƙinsu. Da aka buɗe akwatin gawar don a yi masa kallon ƙarshe, na matsa kusa sosai, tsawon hannu, inda zai iya gane ni.

Kwana uku bayan nan Grace ta leƙo ta katanga.

"Baba Shu'aibu, ya ce kai za ka cire abin nan daga taga. Ya ce kada kowa ya taɓa."

Na shiga da hantsi. An naɗe katifa, gadon ya rage ƙarfe. Buhun na nan a taga, kwalin na jingine inda na bar shi. Na kai hannu zan zare idon, sai na fasa. Na ɗauki kwalin, na ja shi baya sannu a hankali har ruwan ya zauna.

"Na yafe," na ce. "Kai ma ka yafe."

Grace na tsakar gida tana wanke tukunya, ba ta ji ba.

A kan kwalin wani masunci shi kaɗai cikin ƙaramin jirgi yana tuƙi, kansa a ƙasa, ya nufi ƙetare. Na riƙe kwalin daidai, hannuna bai motsa ba, har ya kai bakin takardar ya fita.